Numfashin Tumaki Sittin: Jinjina ga Baffa Shefko

Zan fara da abin da ba kasafai namiji kan faɗa a bainar jama'a ba: ina da tsoro. Ba tsoron kyarketan da ke saukowa bakin ƙauye idan ƙanƙara ta rufe daji nake ji ba, ba kuma na makabarta ba. Abin da nake tsoro shi ne shirun da ke biyo bayan murɗa makullin mota da safiyar sanyi, lokacin da inji ya yi tari ɗaya, ya ja numfashi, ya yi tsit. Sau ɗaya na ji irin wannan shiru da kunnena, akwai mace kwance a bayana tana kokawa da numfashinta.

Mutumin da nake so in yi wa jinjina ya shafe shekara goma sha tara yana tsaye tsakanin mutanen tudun Peshter da wannan shiru. Sunansa Shefko Zornich, na ƙauyenmu Zabrel, amma babba da yaro Baffa Shefko suke ce masa. A ƙarshen watan nan zai ajiye makulli. Ba a shirya masa taro ba, ba na kuma jin za a shirya, domin waɗanda za su cika kujerun sun watsu a duniya. Saboda haka na ga ya wajaba a rubuta.

Ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, da asuba, yakan yi sallarsa a gida, don masallacinmu ya shekara shida ba ladan. Matarsa, Inna Zumra, ta miƙa masa kofi mai ɗaci. Daga nan ya durƙusa bayan murhun itace ya ɗauko batirin mota, wanda ya kwana a wurin naɗe cikin buzu, ya rungume shi a ƙirji ya nufi ɗakin tumaki.

Wanda ya taɓa bin sa zuwa ɗakin nan ba ya mantawa. Dogon gini ne na dutse, ƙofa biyu, ba taga. Kana tura ƙofa ɗumi zai doke ka a fuska, da warin ulu da busasshiyar ciyawa. Idan ya ɗaga fitila, idanu fiye da ɗari za su juyo gaba ɗaya, suna ƙyalli, ba mai ko motsi. A tsakiyarsu, cikin ɗan shingen katako da aka yi don kada a tauna wayoyi, farar mota ce tsaye, raɓa na gangarowa a gilashinta kamar mai zufa cikin barci. Irin motar nan ce mai ɗaki a bayanta, da gado biyu, wadda Jamusawa ke yawon hutu da ita. Wani ɗan ƙauyenmu da ya yi aikin gini a can ya zo da ita, ya bar wa ƙauye kafin ya rasu, shi ya sa ake kiranta Bajamushiya. Aikinta ɗaya ne: kai masu ciwon ƙoda na ƙauyukanmu asibitin birni, kilomita saba'in a gangare, a yi musu wankin ƙoda, ta dawo da su a kwance.

Dalilin kwananta cikin tumaki ba ɓoyayye ba ne. A nan sama, Janairu kan kai digiri talatin ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi man dizal kan yi kauri ya toshe matatarsa, baƙin mai ya koma kamar zuma, batir ya rasa rabin ƙarfinsa. Amma tumaki sittin a rufaffen ɗaki ba sa barin ko ruwan shansu ya daskare. Numfashinsu da zafin jikinsu su ne bargon injin.

Yadda yake tayar da ita ma bai taɓa sauyawa ba. Ya ɗaura batir, ya buɗe ƙofofin nan biyu, ya kora tumakin zuwa fili, don yakan ce wanda ya ɗumama ka ba a sāka masa da hayaƙi. Ya hau ya zauna, ya murɗa makulli rabi, ya zuba wa 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ido, wadda ke nuna fulogan ɗumama inji suna aiki. Idan ta mutu ba ya gaggawa. Sai ya mayar da makulli, ya sake, har sau uku. Sannan ya taka kuloci, ya yi bisimilla, ya murɗa gaba ɗaya. Idan ta kama, ƙafarsa ba ta kusantar totur sai muryar injin ta daidaita. Na taɓa jin ya ce wa wani direba mai garaje: «Kai idan aka tashe ka daga barci, tsere kake fara yi?»

Tumakin nan ba saye ya yi ba. Shekarun baya, da gidan Hamdo za su ƙaura zuwa Jamus, sai tunkiya biyu suka rage ba su sami mai saye ba. Hamdo ya jawo su ya ce Shefko ya riƙe masa, sai ya dawo. Bai dawo ba. Daga nan abin ya zama al'ada: duk gidan da zai kulle ƙofa, sai ya kai wa Baffa Shefko tunkiya ɗaya ko biyu kafin ya hau mota. Shi kuma bai raɗa musu wani suna ba sai sunan gidan da suka fito, 'ya'yansu kuma su gaji sunan. Gida hamsin da takwas ne a Zabrel. Yau tara ne kawai ke fitar da hayaƙi. Sauran suna nan tsaye, wasu ma benaye ne sababbi da aka gina da gumin ƙetare, tagogi a rufe, ba sawun kowa a ƙofa. Amma kowace safiya, idan ka tsaya a bakin hanya, za ka ji muryar tsoho daga ɗakin dutse yana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya, ana amsa masa.

Malam Milutin, tsohon malamin makaranta a ƙauyen da ke ƙasa da namu, ya shekara bakwai yana hawan Bajamushiya. Shi ya ba ni labarin ranar da iska ta tara ƙanƙara ta rufe musu hanya gaba da baya, da rana tsaka, suna dawowa daga asibiti. Awa biyar suka yi kafin motar share hanya ta iso. Kowane minti ashirin Baffa Shefko zai fita da shebur ya tone bakin salansa, don idan ƙanƙara ta toshe shi hayaƙin ciki yake komawa, mutum ya yi barcin da ba a tashi.

«Ni kuwa barci nake ji kamar in mutu,» in ji Malam Milutin. «Sai tsinannen nan ya ce wai in karanta masa jadawalin sau bakwai. Ni! Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli! Na ce masa, Shefko, ka ji kunya mana. Ya ce, Malam, bakwai sau takwas? Wallahi sai da na yi tunani. A nan na gane hayaƙin ya fara shiga kaina.»

Irin wannan labari yana da yawa. Akwai 'yan ƙetare da ke zuwa hutun ƙarshen shekara da tanki cike da man bazara na ƙasashen ɗumi, motarsu ta mace a tsakiyar tudu, shi ne zai bi su da buta da kananzir. Akwai yarinyar da aka haifa a gadon hagu na Bajamushiya, yanzu tana aji uku a Vienna. A shekara goma sha tara hanya ta sha rufewa, amma ba a taɓa cewa an fasa zuwa asibiti don inji ya ƙi tashi ba.

Sai ni na zo.

Sunana Sanel. A Zabrel aka haife ni, amma muka koma birni ni da mahaifiyata bayan rasuwar mahaifina, ina ɗan shekara goma sha biyu. Na yi karatun injinan mota, na sami difloma, ofishin lafiya ya ɗauke ni aikin duba motocinsa. A watan Oktoban bara aka turo ni duba Bajamushiya. Na ga kashin tumaki a tayoyinta, na ji warinsu a labulenta, na tuna cewa masu wankin ƙoda suna da kafar allura a hannu wadda ƙwayar cuta kaɗan ta isa ta lalata. Na rubuta rahoto mai shafi huɗu. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, kuma wannan shi ya fi damuna. Ofis ya ba da umarni a mayar da motar ƙarƙashin rumfar tsohuwar makarantar firamare, a ɗaura wa injin na'urar ɗumamawa mai aiki da wutar lantarki, da wata mai riƙe cajin batir. Ni da hannuna na ɗaura su.

Baffa Shefko ya tsaya yana kallona, hannu a baya.

«Injiniya, wutar nan taka tana da ulu?»

«Ba ta da ulu, Baffa, amma ba ta gajiya, ba ta kuma cin ciyawa.»

«Haka ne,» ya ce. «Sai dai takan tafi ba sallama.»

Bai yi gardama ba. Ya ce takarda ta fi shi girma, ya tuƙa motar da kansa zuwa rumfar. Nuwamba ta wuce lafiya, Disamba ma haka. Na fara jin daɗin kaina.

A mako na uku na Janairu, ƙanƙara ta sauka daga Alhamis, hanya ta rufe, ba a je asibiti ranar Juma'a ba. Gwaggo Remziya, wadda gidanta ke jikin makarantar, ita kaɗai ce mai ciwon ƙoda a Zabrel. Mace ce mai shekara sittin da takwas, mai kaifin harshe, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Sweden. Rabonta da injin wanki tun Laraba. Da motar share hanya ta hau ranar Lahadi, na bi bayanta don in duba na'urorina, na sauka a gidan Baffa Shefko. Na leƙa Gwaggo da yamma na tarar ƙafafunta sun kumbura har ba sa shiga takalmi, tana magana tana tsayawa a tsakiyar kalma. Na san abin da hakan ke nufi. Ruwa ya fara hawa ƙirjinta. Litinin ba ranar da za a fasa ba ce.

Da muka tashi da safe, babu wuta. Nauyin ƙanƙara ya tsinka wayoyi a wani wuri, wayar hannu ma ta mutu tare da su. Ma'aunin da ke jikin ƙofa ya nuna talatin da uku ƙasa da sifili. Baffa Shefko ya duba shi sau ɗaya, ya ce mini: «Zan ba tumaki ciyawa. Ka je ka duba Remziya. Kada ka taɓa makulli sai na zo.»

Waje fari ne fat. Hazo mai daskarewa ya sauka ya haɗe sama da ƙasa, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Ba kare, ba tsuntsu, ba iska. Rana ta fito kamar farin faranti da aka rataya a bango, ba zafi, ba inuwa. Ina tafiya ina jin ƙarar takuna tana dawo mini daga bangon gidajen da ba kowa, har sai da na waiwaya sau biyu.

Na tarar da Gwaggo zaune a bakin gado, ta riga ta ɗaura ɗankwali, leɓɓanta sun yi shuɗi. Da na ga haka hankalina ya tashi. Na ce a raina wataƙila wutar ba ta daɗe da ɗaukewa ba, wataƙila injin yana da sauran ɗumi, kowane minti kuma sanyi yake ƙara shigarsa. Na naɗe ta da barguna, na goya ta zuwa motar, na kwantar da ita a gado. Na zauna a kujerar direba, na murɗa makulli. Injin ya juya da ƙyar, kamar ana jan dutse. Na sake. Na sake, na riƙe, ina roƙo a zuciyata, har juyin ya yi ƙasa, ya koma ƙas-ƙas, ya tsaya. Na kashe batirin.

Shirun da ya biyo baya shi ne wanda na ambata. Ba abin da ake ji a cikinsa sai numfashin Gwaggo, mai ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

«Mai takarda,» ta ce daga baya, «ta mutu ko?»

Na zare makullin.

Baffa Shefko ya fito daga cikin hazo kamar an zana shi a farar takarda. Ya dubi fuskata, ya dubi makullin a hannuna. Na jira faɗa. Bai yi ba. Ya leƙa ya ce: «Remziya, mu mayar da ke gida ki ji ɗumi kafin mu gama.»

«Ba inda za ni. Idan na koma ɗakin nan, a kafaɗa za ku fito da ni, ku kuwa ko mutum huɗu masu ƙarfi ba ku cika ba.»

«To zauna, mai taurin kai. Zumra za ta kawo miki bulo mai zafi.» Ya juyo gare ni. «Injiniya, je masallaci ka kwaso dardumai, duka. Allah ya san abin da za mu yi da su.»

Rumfar tana da bango a baya da gefe ɗaya, sauran a buɗe. Muka rataya dardumai a kan igiya muka rufe, muka jera damman ciyawa a ƙasa don kada sanyi ya shigo ta ƙarƙashi. Inna Zumra tana ta kaiwa da komowa da tukwanen ruwan zafi da buhunan dusa da ta gasa a murhu, gashin girarta ya yi fari da ƙanƙara. Da muka gama, Baffa Shefko ya ce in tsaya a bakin rumfar in riƙe darduma ɗaya a ɗage. Ya koma cikin hazo.

Tunkiya ba ta barin ɗakinta a irin wannan sanyi, ko da sanda. Tsakanin ɗakin da makarantar kuma taku ɗari huɗu ne. Na tsaya ina kallon farin da ba komai a cikinsa. Can sai na ji muryarsa, daga nesa, a hankali, ba tare da na ga mai ita ba.

«Gidan Hamdo. Gidan Bajro Mai Niƙa. Gidan Hajiya Fata. Gidan Sulyo, ku fito.»

Sunayen suna bi ta tsakanin rufaffun gidaje, kowane suna yana wucewa ta ƙofar masu shi. Wasu masu sunan suna Jamus, wasu suna bayan masallaci a kwance. Daga cikin mota Gwaggo ta yi magana, muryarta siririya:

«Shefko matattu yake kira? Ka ce masa idan ya zo kan sunana ya tsallake.»

Sai suka fara ɓullowa. Da farko tururi kawai na gani yana tafiya a ƙasa, sannan kawuna, sannan jikuna, a layi ɗaya, ba kuka, ba gudu, ƙanƙara ta kama ulunsu sun yi fari kamar hazon da ya haife su. Yana gaba yana tafiya da baya, yana kira. Da ya iso kusa da ni ya ce, «Gidan Rifat,» sai wata tsohuwar tunkiya mai tsagaggen kunne ta ɗago kai, ta wuce ta goga jikinta a ƙafata ta shiga. Rifat sunan mahaifina ne. Ban taɓa sanin mahaifiyata ta bar tunkiya ba.

Muka cusa su duka sittin a rumfar, suka kewaye motar har ƙarƙashinta, muka saki darduma. Cikin rabin awa ƙanƙarar da ke jikin gilashi ta fara zubar da hawaye.

Amma man da ke cikin matatar injin ya riga ya daskare, numfashin tumaki ba zai narkar da shi da wuri ba. Baffa Shefko ya gwada kwance ta da safar hannu, ta ƙi kamuwa. Ya cire safar da haƙori. Na ce, «Baffa, bari ni.» Ya ce hannuna bai san inda zaren yake ba. Ya kwance ta da tsiraran yatsu, man na zuba a kansu, man da ya fi ƙanƙara sanyi. Da ya juya ta, abin da ke ciki kamar kitsen rago ne da ya kwana a kwano. Ya tsoma gindinta a tukunyar ruwan zafi har ya narke, ya cika ta da man da Inna Zumra ta ɗumama an gauraya da kananzir, ya mayar. Muka ɗaure buhunan dusa a jikin bututun mai tun daga tanki. Sannan ya aike ni gidansa. A bayan murhu, cikin buzu, tsohon batir ne kwance, cike da caji. Duk watannin nan uku bai daina kwantar da batir a wurin ba.

«Hali ba ya karanta rahoto,» in ji Inna Zumra, da ta ga ina kallonsa.

Awa biyu da rabi muka yi. A ƙarshe Gwaggo ta daina zagina, wanda ya fi komai tsoratar da ni. Na buɗe jakata na ɗauko gwangwanin feshin nan da ake fesa wa inji don ya kama da sauri. Ya riƙe wuyan hannuna.

«Ka fesa wannan a kan fulogi masu zafi, sai mu tsinci kan injin a ƙauyen Milutin. Ajiye. Batirin nan murɗa uku gare shi, ba huɗu ba. Ɗaga dardumai, ka fitar da jama'a.»

Na kora tumakin waje. Suka tsaya a fili cikin hazo, suka juyo gaba ɗaya suna kallon motar. Ya hau. Ya murɗa rabi. Fitila ta kama, ta mutu. Ya mayar. Sau uku, kamar kullum, kamar babu mai mutuwa a bayansa. Ya taka kuloci ya murɗa. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. Ya ɗauke hannunsa.

«Ƙirga sittin, Injiniya. A hankali.»

Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Na kai arba'in muryata ta sarƙe, sai na ji daga gado ana cewa, da ƙyar, «Arba'in da ɗaya, sakarai.» Muka ƙarasa tare.

A murɗa ta biyu ta yi tari, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, ta kama da ƙafa ɗaya tana ɗingishi, sannan muryar ta cika. Farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Bai taɓa totur ba. Ya zauna minti biyar cur yana sauraro, kansa a sunkuye, sannan ya sa giya.

Shi ya tuƙa duk kilomita saba'in ɗin. Sai a ƙofar asibiti, da aka shiga da Gwaggo, na ga ya kasa sakin sitiyari da hannun dama. Yatsunsa biyu sun yi fari, sun ƙage kamar kyandir. Gwaggo Remziya ta kwana goma sha ɗaya a asibiti ta fito da ƙafafunta. Yatsun nan biyu, manuni da na tsakiya, an yanke su daga gaɓa ta biyu. Da ofis ya nemi bayani, abin da ya ce kawai shi ne wuta ce ta ɗauke. Bai ambaci rahoto ba, bai ambaci wanda ya kashe batir ba. Ni nake ambata yau. Na rubuta rahoto na biyu, motar ta koma cikin tumaki, da sharaɗin a rufe ƙofofinta ruf, a wanke cikinta da tayoyinta kafin marar lafiya ya hau. Da na yi tambaya ɗaya kafin in rubuta na farko, da tun a Oktoba aka yi haka.

Baffa Shefko, kai ne ka san cewa inji ma rai gare shi na wani iri, ba a yi masa tsawa. Kai ne ka riƙe amanar gida arba'in da tara, ba wanda ya sa ka rantsuwa, ba wanda ya dawo ya tambaya. Kai ne mai kiran sunan waɗanda suka manta hanyar gida, har ka sa su aiki suna can. Ka ga kuskurena tun ranar farko, ka bar ni da mutuncina, ka biya da yatsunka. Garkuwar marasa lafiya, mai haƙurin jiran fitila. Na gode. Gwaggo Remziya ta gode, ko da yake ta ce kada in rubuta, wai kanka zai kumbura. Allah ya sāka maka da alheri, ya haskaka maka ido. Ku kuma 'yan'uwana masu takardu, da ake tura mu ƙauyuka da biro a aljihu, idan kun ga tsoho yana abin da littafi bai ce ba, ku tambaye shi dalili kafin ku cire murfin biro.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, likita ya hana shi tuƙi. Ɗansa Mirsad ya zo daga Jamus zai tafi da iyayensa a yi aikin idon, su yi sanyin bana a can. Ranar Asabar da ta wuce na je yi wa Baffa Shefko sallama, na tarar da babbar mota a ƙofar ɗakin dutse, wani dillalin dabbobi yana latsa bayan tumaki. Sanyin farko ya riga ya sauka, ciyawa ta yi fari.

Na ce wa Mirsad tumakin nan ai amana ne.

«Na buga wa masu su waya ɗaya bayan ɗaya,» ya ce. «Wasu sun ce in yi yadda na ga dama. Wasu sun ce wace tunkiya? Sanel, ni ma ba daɗi nake ji ba. Amma wa zai tashi da asuba ya ba su ciyawa? Ofishinku ya ce motar za ta koma rumfar makaranta, direba ya riƙa hawowa daga birni.»

Baffa Shefko yana zaune a kan dami, hannunsa mai yatsu uku a kan gwiwa. Gwaggo Remziya ta zo kallo, tana dogara sanda. Ta dubi motar dillali, ta dubi Bajamushiya, ta ce ba da kowa ba:

«To. Bana ke nan, ba zan ga ƙarshen sanyin nan ba.»

Na daɗe ina juya maganar karɓar tumakin a raina, na kuma san ban iya komai a kiwo ba, amma ban yi niyyar faɗa a ranar ba. Sai na ji ta fito daga bakina, ƙasa-ƙasa.

«Kai?» in ji Gwaggo. «Kai da ba ka san gaban tunkiya da bayanta ba?»

Baffa Shefko ya ɗago kai, ya juyo da fararen idanunsa wajen muryata.

«Me ya ce? Faɗa da ƙarfi, Injiniya. Kunnen ma ya fara bin ido.»

Na cire hannu daga aljihu, na tsaya a tsakanin dillali da ƙofa.

«Na ce ba tunkiyar da za ta hau motar nan. Ranar Litinin zan kai wa ofis takarda a mayar da ni direban Zabrel. Zan buɗe gidan mahaifina. Kuna da kwana goma sha biyu kafin ku tafi, Baffa. Gobe da asuba ina ƙofar nan, ka fara koya mini sunayensu.»